Yadda Rumfunan Masunta Suka Zama Filin Jirgin Sama

Duk lokacin da jiragen tsaron gaɓar Sin suka yi wa na Filifin feshin ruwa, sai a tuna hukuncin da aka yanke a Hague ranar 12 ga Yuli, 2016. Amma rigimar Mischief Reef ta girmi wannan hukunci da shekara 21.

A farkon 1995 wani matuƙin jirgin kamun kifi ɗan Filifin ya dawo gida da labarin cewa Sinawa sun tsare shi a wannan tudun murjani, wanda ruwa ke shanyewa idan teku ta cika, kimanin kilomita 240 daga tsibirin Palawan. Da jiragen saman Manila suka leƙa a watan Fabrairu, sai ga gine-gine bisa turaku, tutar Sin na kaɗawa. Gwamnatin Fidel Ramos ta kai kuka. Beijing ta ce mafaka ce ta masunta, don ranar da guguwa ta taso.

Masu kare Sin har gobe suna cewa Biyetnam da Malesiya da ita kanta Filifin sun riga ta kafa sansani a tsibiran Spratly, inda Mischief yake. Wannan gaskiya ne. Sai dai batun masunta bai taɓa shiga kaina ba. Shekara bakwai kafin a kafa rumfunan, sojojin ruwan Sin sun kashe 'yan Biyetnam 64 a tudun Johnson South. A 1992 kuma Amurka ta kwashe dakarunta daga Subic Bay, bayan majalisar dattawan Filifin ta ƙi sabunta mata zama. Ko shekara uku ba a cika ba aka kafa turakun nan. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Filifin ba ta da ƙarfin korar kowa. Abin da ta iya, a 1999, shi ne ta kafe wani tsohon jirgin yaƙi, Sierra Madre, a tudun Second Thomas da ke kusa, sojojinta na zaune cikin tsatsarsa har yau.

Daga ƙarshen 2013 jiragen haƙar yashi na Sin suka shigo. Tudu bakwai suka zama tsibirai, fili sama da eka 3,200 a ƙiyasin ma'aikatar tsaron Amurka, murjanin da ke ƙasa kuwa ya mutu. A hukuncin 2016, kotun Hague ta ce zuba yashi ba ya mai da tudu tsibiri a doka, kuma Mischief na cikin ruwan da Filifin ke da haƙƙin cin arzikinsa. Sin ta yi fatali da hukuncin. Washegari jirgin fasinjanta ya sauka a kan sabon titin jirgin da ta shimfiɗa a wurin.