Ɓatan Wata: Daga Lissafin Ungozoma Zuwa Tsinken Kemis

Tun kafin a san kalandar bango a Sakkwato, mata na da lissafinsu, kuma salla ce ke riƙe musu shi. Mace ta san ranar da ta yi fashin salla da ranar da ta yi wanka, ta san ko a farin wata ne ko a duhunsa. Idan jinjirin wata ya tsaya, ya cika, ya ɓace, ita kuwa ba ta ajiye buta ba, abokan zamanta ma sun gani, sai a fara raɗa cewa wance ta yi ɓatan wata. Amma babu tsohuwar da za ta ce ciki ne a wata na farko. Ungozoma takan jira laulayi da tsirtar da miyau da kwaɗayin tsami, ta dubi nono, a ƙarshe ta jira motsi, wanda kan zo a wata na huɗu ko na biyar. Ana ɗaukar wannan jinkiri a matsayin kunya ko tsoron bakin mutane, kuma akwai hakan. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai sani: tsofaffi sun ga matan da jini ya ɗauke musu wata uku ya dawo babu komai. A ganina wannan shakka ita ce gado mafi amfani da suka bari, kuma ita ce ake neman yarwa yau.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Daular Usmaniyya suka yi hukunci da shi tun kafa birnin Sakkwato a 1809, ya gina dokoki a kan wannan shakka. Iddar wadda aka saka tsarki uku ce, takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. To, wadda jininta ya ɗauke ba shayarwa ba ciwo fa? Malamai ba su ce tana da ciki ba, ba su kuma ce babu ba. Cewa suka yi ta jira wata tara, ta ƙara uku, shekara guda ke nan. Har ma mazhabar ta yarda cewa mai ciki na iya ganin jini. Ke nan a wurinsu ɗaukewar jini ba hujja ba ce, zuwansa ma ba hujja ba ne.

Mai ja zai ce ai mutanen nan su ne suka yi imani da kwantaccen ciki, cewa ɗa kan yi barci a mahaifa shekara huɗu ko biyar. Gaskiya ne, kuma likitanci bai yarda da shi ba: ciki kusan mako 40 ne, kwana 280 daga farkon hailar ƙarshe. Abin da aka kira kwantacce yakan zama ɗaukewar jini na wani dalili, ko ƙari a mahaifa, ko cikin da ya lalace bai fita ba. Amma a dubi aikin da hukuncin ya yi. Ya kare nasabar yaro, ya hana a kama bazawara da zato. A Oktoba 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini Tungar Tudu hukuncin jifa kan zargin zina. Lauyoyinta sun kawo batun kwantaccen ciki daga tsohon mijinta, kuma ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta, cikin dalilai har da cewa dokar ba ta fara aiki ba lokacin da abin ya faru. A Satumba 2003 kotun Katsina ta sallami Amina Lawal daga irin wannan hukunci, ta kuma karɓi hujjar kwantaccen ciki. Kuskure ne a ilimin jiki, amma a kotu ya tsaya wa wadda ake tuhuma.

Gwajin da ya rage jira daga nesa ya zo. A 1927 Aschheim da Zondek a Berlin suka gano cewa fitsarin mai ciki na sauya ƙwan ɓera, saboda sinadarin da ake kira hCG. Daga baya aka koma ga wani kwaɗon Afirka ta Kudu, wanda kan zuba ƙwai idan an yi masa allurar fitsarin. Gwajin gida ya shiga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Yau a unguwar Minanata ta Sakkwato yaro ake aika kemis, ya dawo da tsinken gwaji a ƙunshe cikin leda, a tsoma shi a fitsarin safe, cikin minti biyar a ga layi ɗaya ko biyu.

Wani zai ce shi ke nan, shakka ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Layi biyu kusan tabbas ne, amma layi ɗaya a ranar farko na iya zama ƙarya, domin fitar ƙwai kan yi jinkiri, sinadarin kuma bai taru ba. Shi ya sa ake maimaitawa bayan mako guda. Kewayen haila kan kasance daga kwana 21 zuwa 35, kuma damuwa, rama, doguwar jinya, allurar tazarar haihuwa da kusantar yankewar haila duk suna ture shi. Babu adadi guda da ya dace da kowa: amaryar da hailarta ba ta saɓa rana, ta wuce mako, ciki ya fi kusa, mai goyo kuwa takan yi watanni ba jini ba ciki. Ita ma kada ta sake, don ƙwai na riga jini dawowa, nan ne rurrutsa ke shiga, musamman bayan jariri ya wuce wata shida.

Inda tsohon haƙuri ba ya da amfani shi ne idan ɓatan wata ya zo da ciwon mara mai tsanani a gefe guda, ko ɗigon jini da jiri, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jiran motsi ba. A kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibiti mafi kusa a ranar. Wadda kuma ta yi wata uku ba jini, tsinke na nuna layi ɗaya, ta je a duba ta.