Rabon Kaya a Ayarin Fataken Gwanja: Zangon Faraku da Zugu

Duk wanda ya shiga Faraku ko Zugu, wato garuruwan da taswira ke rubutawa Parakou da Djougou a arewacin Jamhuriyar Benin, zai tarar da unguwa mai suna Zongo. Kalmar zango ce ta Hausa, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Tun daga ƙarni na 18 har zuwa ƙarshen na 19, ta waɗannan garuruwa fataken goro ke ratsawa daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja: su ƙetare Kwara, su keta ƙasar Bargu, su faɗa Zugu, sannan Sansanin Mango da Yandi. Tafiya da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Ɗalibai sukan haddace sunayen Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka yi fice a wannan fatauci. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ke ɗaukar kayan, kuma yaya ake raba nauyinsu? A ganina a nan ne asirin ayari yake, domin ba a gaban ayari ake auna saurinsa ba, sai a wurin jakin da ya fi kowa gajiya.

A shekarar 1826 Baturen Birtaniya Kilafaton ya haɗu da wani ayarin Hausawa a Kayama, cikin Bargu, yana dawowa daga Gwanja da Asante. Ya kiyasta mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobin kaya kuma sun kai yawan haka. Ya ga takarkarai da alfadarai da jakuna, ya ga bayi mata ɗauke da kaya a ka, ya kuma ga matan da ke dako don a biya su. Ke nan masu ɗauka iri-iri ne, kuma kowane iri da inda ya fi amfani. Takarkari ya fi ɗaukar nauyi amma ba ya sauri. Jaki ga juriya ga sauƙin kiwo, sai dai da zarar an nausa kudu ƙudan tsando kan far masa. Mutum kuwa, da gammonsa a ka, yana bin turbar da dabba ba ta iyawa, yana ƙetare rafi da kayan da ba a so ruwa ya taɓa.

Kayan tafiya ma ba irin na dawowa ba ne. A tafiya ana ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Kanwa nauyi gare ta, amma ba ta lalacewa. A laɓta wa jaki a mangala, shi ke nan. Goro kuwa mai rai ne. Ana naɗe shi cikin ganye a yi huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya ruɓe, don kada ya shafi saura. Saboda haka jakin da ya gurgunce a dawowa ba asarar dabba kaɗai ba ce. Dole a raba kayansa ga wasu nan take, in kuwa aka ɗora wa ɗaya fiye da ƙima, gobe sai a wayi gari da guragu biyu. Irin lissafin da mai horar da 'yan ƙwallo ke yi ne a yau, idan ya hutar da gwaninsa don gudun kada ya ƙare kafin ƙarshen kaka, illa dai a ayari kuskuren kan ci dukiya, wani sa'in har rai.

Shugabanci ma a rabe yake. Jagaba ke gaba yana duba hanya. Madugu, wanda shi ne uban tafiya, yana baya, inda masu rauni suke, inda kuma mahara suka fi kai farmaki. Bargu ta yi suna wajen 'ya'yan sarauta, Wasangari, masu tare hanya. Ubandawaki shi ke tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakuna daga hannun fatake, kowa gwargwadon kayansa, malamin ayari kuma yana riƙe da rubutu da addu'a. Mai jakuna da yawa ya fi biya, ɗan ƙaramin falke kuwa ya sami inuwar ayari da abin da bai taka kara ya karya ba.

Kada dai daɗin tsarin ya rufe mana ido. Babban rabo na nauyin a kan bayi ya faɗa, waɗanda ba a shawarta ba, ba su kuma da ko ƙwarya ɗaya a ribar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasunsu ma su kansu haja ne, suna ɗauke da kaya zuwa kasuwar da za a sayar da su.

A Zugu fatake kan sauka a Wangara, unguwar 'yan kasuwa Musulmi da ake magana da Dandanci, dabam da Kilir inda fadar sarki take. A nan ake hutar da dabbobi, a sayi guzuri, a sake ɗaurin kaya kafin a miƙa.

Hanyar ta fara raunana bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa kasuwar. A 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu gida biyu, iyaka ta gitta a tsakiyar turbar. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan a loda shi a jirgin ƙasa. Faraku ma ta sami nata dogon daga Kwatano a 1936, ta zama inda 'yan dako ke sauke kaya daga taragu su ɗora wa manyan motoci masu zuwa Nijar.