Sauyin Yanayi a Ƙasar Katagum: Dokoki da Cikas wajen Aiwatarwa

Sauyin yanayi shi ne canjin da ke samun zafi da ruwan sama na tsawon shekaru, wanda masana suka danganta da hayaƙin man fetur, gas da kwal, da kuma sare dazuzzuka. A arewacin Jihar Bauchi, daga Azare da Zadawa zuwa Gamawa da Zaki, yana bayyana ta fuska biyu: damina mai yankewa a tsakiyar shuka, da ruwa mai sauka da yawa a lokaci guda.

Yankin yana bakin Sahel, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan gero, dawa, wake, kiwo da fadamun Kogin Jama'are. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum. Kafin nan, ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu.

Alkawura da dokoki

Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da Yarjejeniyar Paris a 2017. A 2021, a taron Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 ƙasar ba za ta riƙa ƙara wa sararin samaniya hayaƙi fiye da wanda ake zuƙewa ba. A watan Nuwamban shekarar ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin. Bauchi kuma tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin shingen itatuwa na Afirka, wanda aka kafa wa hukuma a 2015.

Inda gizo ke saƙa

A Amurka adawar ta fito fili: ta fice daga Yarjejeniyar Paris a 2020, ta koma a 2021, sannan Shugaba Donald Trump ya sake sa hannu a kan ficewa a watan Janairun 2025. A Nijeriya kuwa da wuya a ji ɗan siyasa yana musun matsalar. Cikas yana zuwa ne ta hanyar jinkiri da karon muradu.

Dokar 1979 ta sanya 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona gas a rijiyoyin mai, amma har yau ana ƙona shi. Shekara guda bayan alkawarin Glasgow, a watan Nuwamban 2022, aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Hujjar gwamnati ita ce Afirka ba ta fitar da hayaƙi mai yawa, kuma tana buƙatar kuɗin mai da gas domin raya kanta.

Rabon ruwa ma siyasa ne. Madatsar Kafin Zaki, wadda aka tsara ginawa a kan Kogin Jama'are tun kafin 1980, ba a kammala ta ba. Bauchi na son ta domin noman rani, Yobe da Borno kuwa suna tsoron ƙafewar fadamun Hadejia da Nguru, ganin yadda madatsun Tiga da Challawa suka rage ruwan da ke isa can.

Yayin da ake wannan ja-in-ja, manomi da makiyayin Katagum ne ke ɗaukar asarar kowace damina, alhali hayaƙin da suke fitarwa bai taka kara ya karya ba.