Furen Dutse Guda

A ƙasar Rumaniya akwai wani dogon dutsen farar ƙasa da ake kira Piyatra Kirayului, tsawonsa ya wuce ƙafa 7,000. Can bisa, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, wani ɗan fure yake tsirowa, wanda ba ya fita da kansa ko'ina a duniya sai nan. Bai kai taƙi ɗaya ba, launinsa ja-ja, da zobe mai ɗige-ɗige a tsakiya. Danginsa Larabawa ke kira ƙaranful, sunan da suke kiran kanumfari da shi.

A 1851 waɗansu masana biyu, Schott da Kotschy, suka bayyana shi, suka raɗa masa suna Dianthus callizonus.

Masu lambu suka yi sha'awarsa, amma tsiron dutse ba ya son gata. In an sa shi a ƙasa mai riƙe ruwa, sai saiwarsa ta ruɓe. Wani Bature na Ingila, Reginald Farrer, ya buga littafi a 1907, ya yaɗa dabarar: a jera duwatsu, a zuba tsakuwa da yawa, ƙasa kaɗan, don ruwa ya riƙa wucewa.

Saura haɗari guda. In kowa ya hau ya tumɓuke, furen zai ƙare. A 1938 aka keɓe wani sashen dutsen, doka kuma ta hana cirarsa. Mai sonsa sai ya nemi iri, ya shuka, ya yi haƙuri.