Sunan Fayil da Kan Takarda: Matsalar Neman Tarihin Anka da Gummi da Bukkuyum a Ma'adanar Takardu

Wani ɗalibina ya taɓa dawowa daga Kaduna yana cewa babu kome game da Bukkuyum a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya nema ne bai samu ba. Ya bi jerin sunayen fayiloli yana duba kalmar Bukkuyum, alhali Turawan mulki Bukwium suke rubutawa. Wannan ne ya sa na ga ya kamata a gabatar wa wannan taro da bambancin da ke tsakanin sunan da aka rubuta a bangon fayil da kuma kan maganar da ke jikin takardar kanta.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ƙasashen nan uku sun zama gundumomi a Lardin Sakkwato. Saboda haka takardunsu suna cikin rukunin da ake kira SOKPROF, wato na ofishin Razdan, ko kuma SNP, na Sakatariyar Lardunan Arewa. Jihar Zamfara sai a 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro ta. Wanda ya nemi Zamfara a bangon fayil, sau da yawa abin da zai tarar ya shafi sarautar Sarkin Zamfara na Anka ne kurum, ba ƙasar da muke nufi yau ba. Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Danko na Bukkuyum kuwa, wani lokaci da sarautarsu aka ambace su, wani lokaci da garinsu.

Sunan bango aikin akawu ne. Shi ke ba fayil lamba da shekara da ɗan gajeren suna ranar da aka buɗe shi, don ya iya ciro shi in Razdan ya nema. Ba ya sake sunan ko da takardun da ke ciki sun bar maganar farko. Fayil ɗin da aka buɗe kan gyaran hanya zai iya tara wasiƙu kan aikin tilas, da ƙorafin hakimi, da rikicin iyaka. Misali mafi girma shi ne rahoton kimanta haraji na gunduma. Sunansa na haraji ne, amma a ciki ne Di'o yake rubuta asalin mutanen gari, da jerin sarakunansu, da kasuwanni da rijiyoyi da sana'o'i, yawanci daga bakin dattawan da suka ga zamanin kafin Turawa. Mai neman yadda gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, har ya zauna Anka, in ya tsallake irin wannan fayil don sunansa, ya yi babbar asara.

Malamanmu na da ba haka suke yi ba. Mawallafi shi ke raɗa wa littafinsa suna a cikin gabatarwa, bayan yabo da salati, don haka sunan yana tafiya tare da matanin duk inda aka kwafe shi. Duk da haka, da Arnett ya fassara Infakul Maisuri na Muhammadu Bello a 1922, sai ya sa masa wani suna na Ingilishi mai nufin tasowar Fulanin Sakkwato, wanda ba shi ne nufin sunan asali ba.

A ganina, haɗarin ya ƙaru yanzu da ake ɗaukar hoton takardu ana zubawa a kwamfuta. Na'urar ɗaukar hoto lamba take ba kowane shafi, mai bincike kuma ya sake masa suna yadda ya ga dama. Da zarar an tura wa wani, lambar ma'adana ta ɓace, kan takardar ma ba ya fitowa sai an buɗe. Injiniyoyi sun daɗe da gane wannan, shi ya sa kowane zanen gini ke da ɗan akwati a kusurwa mai ɗauke da lamba da suna da kwanan wata. Ina ba da shawara kwalejojinmu su tilasta wa ɗalibi ya rubuta abu uku ga kowace takarda: lambar ma'adana da sunan bango yadda suke, ko da rubutun Bukwium ne, da kan takardar, sa'an nan sunan garin yadda mutanensa ke faɗa.