Gashin Akuyar Ankara

A ƙarni na 19 masaƙun Bradford na Ingila suka buɗe baki suna neman gashin akuyar Angora, wato akuyar Ankara. Don garke ya yawaita, makiyayan yankin Ankara suka riƙa haɗa irinta da manyan awakin Kurdawa. Dabba ta ƙara jiki, amma wani gashi mai kauri, fari fat, wanda ba ya shan rini sosai, ya kutsa cikin lallausan.

A 1838 aka fara kai irin akuyar Angora Afirka ta Kudu. Makiyayan yankin Karoo na ƙasar sun daɗe suna zaɓen bunsuru mai siririn gashi mai sheƙi, suna ware wanda ya gaji kaurin. Yau kusan rabin gashin akuyar Angora a duniya daga can yake fitowa.