Daga Ajami Zuwa Wayar Hannu: Yadda Maganar Allah Ta Yi Ta Sauya Mazubi a Ƙasar Hausa

Akwai wata 'yar gardama da takan tashi a zumuntar matasa, a nan Gyadi-Gyadi da Tarauni da ma sauran wurare. Mai jagora ya ce a buɗe aya kaza. Wani ya buɗe littafin da ya gada wurin mahaifinsa, wata ta buɗe wayarta, na uku kuma ya buɗe wata fassarar dabam a tasa wayar. Ana fara karatu sai a ji kalmomi sun sha bamban. Dattawa na ganin matasa sun yar da littafi sun rungumi waya, matasa kuma na ganin dattawa sun maƙale wa Hausar da ba a yin ta yanzu. Kafin mu yanke wa juna hukunci, bari mu waiwaya, tun da waiwaye adon tafiya ne. Ba mu ne farkon waɗanda suka tashi daga wani mazubi suka koma wani ba.

A shekarar 1841, wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, ma'aikacin mishan ta CMS, ya bi tawagar Turawan Ingila da ta hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Hausarsa a bakin 'yantattun bayi ya koye ta a Saliyo, daga baya kuma a bakin wani yaro mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Da taimakon irin waɗannan mutane aka fara buga sassan Linjila da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma ya cika a 1880.

To, amma wa zai karanta? An buga shi da haruffan Turawa, alhali masu karatu a ƙasar Hausa ajami suka sani. Shi ya sa daga baya aka buga wasu sassan Linjila da ajami. Ga abu na farko da mutane ke nema a wurin kowane mazubi: ya zo musu da harafin da idonsu ya saba da shi.

A 1900, Bishop Herbert Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu suka iso Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa. Shekara da shekaru yana aikin fassara tare da 'yan ƙasa da wasu mishanoni, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

A tsakanin waɗannan shekaru ƙasa ta juya. Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatinsu kuma ta zaɓi boko ya zama rubutun ofis da na makaranta. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, nan kusa da mu. Gidansa na nan har yau, mai son gani yana iya zuwa. Dorugu, yaron nan da ya ba Schön kalmomin Hausa a Ingila, a wannan makaranta ya koyar da tsufansa, a nan Kano kuma ya rasu a 1912.

Shi kansa bokon bai zauna da gindinsa nan da nan ba. Wanda ya taɓa buɗe tsoffin littattafan wancan zamani zai ga an rubuta "chikin" a inda yau muke rubuta "cikin". Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka samu wurin zama, ta hannun ofishin talifi na Zariya ƙarƙashin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 kuma ta yaɗa su. Komawa boko ta kawo riba mai yawa, domin a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau iyayenmu da dama a ajin majami'a suka fara haɗa baƙi, don su karanta Maganar Allah da kansu. Amma ta zo da asara. Maƙwabcin da ajami kaɗai ya iya, an bar shi a bakin ƙofa.

Sai ga rediyo. A 1954, shekarar da aka kafa ECWA, gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta Laberiya, kuma Hausa ta samu rabonta a ciki. Daga 1963 kuma aka riƙa jin Muryar Bishara, ana shirya ta a Jos, ana watso ta daga Adis Ababa. Wanda bai iya karatu ba, da matar da ke bakin murhu, da makiyayi a daji, duk bishara ta same su a inda suke. Abu na biyu ke nan da ake nema a wurin mazubi: ya isa ga kowa ba tare da wahala ba. Jama'a suka ɗauka muryar nan za ta dawwama. A 1977 gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace gidan rediyon Adis Ababa. A 1990 yaƙin basasar Laberiya ya rufe bakin ELWA. Waɗanda suka dogara ga akwatin rediyo kaɗai suka murɗa, suka ji shiru. Waɗanda suka riƙe abin da suka ji a zuciya, su ne suka ci gaba da koya wa 'ya'yansu.

Gardama mafi kama da tamu ta zo ne da sabuwar fassara. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabon juyi a 1979, da Hausar da ta fi sauƙin ganewa. Matta ya koma Matiyu, Yohanna ya koma Yahaya, a inda aka saba jin Kristi aka ji Almasihu. Wanda ya haddace ayoyinsa tun yana yaro da tsohuwar fassara, sai ya ji kamar an sauya masa ɗaki yana barci. Mu tuna abin da ya faru a Ezra sura 3, sa'ad da aka kafa harsashin sabon Haikali: tsofaffin da suka san na farko suka fashe da kuka, sauran jama'a suna sowa ta murna, har ba a iya rarrabe muryoyin biyu. Dukansu jama'ar Allah ne, a gaban harsashi ɗaya suke tsaye. Matasan da suka yi murna da juyin 1979, su ne dattawan da yau suke kallon wayarmu da shakka.

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001. Yau a cikin aljihu ɗaya akwai fassarori da dama, har da Sabon Rai Don Kowa, akwai kuma wadda ake saurara da kunne. Muna son ta zo kyauta, ta buɗe nan take, ta nemo mana aya ko da mun manta surar. Tana kuwa yi, mun gode wa Allah. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da abin da take karɓa. Kana tsakiyar Zabura saƙo ya shigo, hankali ya tafi. Caji ya ƙare ba wuta, ko a ƙwace wayar a hanya, ayoyin da ka yi wa alama su bi ta. Littafin baba yana da sunayen 'ya'yansa da ranakun baftismarsu a bangon ciki, ana gadonsa. Wa ya taɓa gadon abin da ke cikin waya? Sa'an nan yawan rubutu a gurguje ya sa da yawa cikinmu mun daina bambanta ƙafa da kafa, har karatun Hausa a gaban jama'a ya zama abin tsoro ga ƙannenmu.

Abu na uku da kowa ke nema a wurin mazubi shi ne ya dawwama, kuma shi ne abin da babu mazubin da ya taɓa bayarwa. Manzo Bulus ya riga ya gaya wa Korantiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 4, cewa dukiyar da aka danƙa mana a tukwanen ƙasa take zaune. A Irmiya sura 36, sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin annabi ya jefa a wuta, Ubangiji ya sa Irmiya ya faɗa, Baruk ya sāke rubutawa, har da ƙari. Takarda ta ƙone, Maganar tana nan, domin tana bakin mutumin da ya riƙe ta.

Saboda haka, 'yan'uwa matasa, ga abin da muke roƙo. Kowa ya haddace aya ɗaya a mako, da Hausa, daga fassarar da yake karantawa. Mai waya ya nemi littafi na takarda ya ajiye a gida. In fassarori sun bambanta a lokacin nazari, a karanta su duka da murya, sau da yawa bambancin ne ke buɗe ma'ana. Mu zauna da ƙannenmu na makarantar Lahadi mu koya musu karatun Hausa da haruffansa cikakku. Mu je wurin dattawan da idonsu ya raunana, mu karanta musu daga tsohon littafinsu, mu kuma kunna musu wadda ake saurara. Wata rana 'ya'yanmu za su zo da nasu mazubin da ba mu san shi ba, za mu so su yi mana haƙurin da muke hana iyayenmu yau.

Ya Ubangiji, kai da ka kiyaye Maganarka daga bakin Dorugu har zuwa hannunmu, ka rubuta ta a zukatanmu, ka haɗa kan manya da yara a gabanta. A cikin sunan Yesu, Amin.